Gidan Makama da batun jawo baƙi: wane irin gyara, kuma domin wa?

Duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da yawon buɗe ido a Kano, Gidan Makama na cikin wuraren da ake fara ambata, kuma ba abin mamaki ba ne. Yana tsakiyar birni, daf da Ƙofar Kudu ta fadar Sarki, tarihin baka kuma ya danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. An ce nan ya zauna yana Makama, kafin ya hau gado ya gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun mayar da gidan ofis na ɗan lokaci. Daga baya aka kasa shi uku: wani sashe ya zama makarantar firamare, wani ya ci gaba da zama gidan sarauta, na ukun ya zama gidan tarihi mai ɗakunan baje koli 11, a ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979.

Sai dai idan aka zaunar da masu wannan magana aka ce kowa ya faɗi abin da yake so a yi wa gidan, za a tarar ba abu ɗaya suke nufi ba. Ɗan kwangila siminti yake hange, da fenti da tayil da kwanon rufi, a gama cikin 'yan watanni, a ƙaddamar, a ɗauki hoto, a watse. Jami'in yawon buɗe ido hankalinsa na kan Bature mai kyamara a wuya da dala a aljihu. Ma'aikacin gidan kuwa, wanda shi ke buɗe ƙofa kullum da safe, damuwarsa rufin da ke yoyo ce da garar da ke cin akushi. A ganina shi ne ya fi kusa da gaskiya. Sauran biyun sun ɗauki gidan tamkar hajar da za a goge a ɗora a kanta a jira mai saye, alhali gini ne na ƙasa da ke neman hannu duk shekara, kuma baƙin da za su iya riƙe shi suna shigowa Kano kowace rana, ba a dai taɓa yi musu tayi ba.

A fara da jikin ginin, domin nan aka fi yin ɓarna da sunan gyara. Ginin Hausa na gargajiya da tubali ake tayar da shi, wanda ake curawa da hannu daga ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, a shanya ya bushe a rana. Katanga takan yi kauri a gindi, tana sirancewa tana hawa. Rufi kuwa azara ce, wato tsagaggen itacen giginya, wanda magina suka zaɓa saboda gara ba ta cika iya masa ba. Azara guda ba ta haye faffaɗan soro, don haka aka ƙirƙiro bakan gizo: a ɗaure gajerun azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a lulluɓe da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Idan baka biyu suka gitta juna a tsakiyar ɗaki an sami ɗaurin guga, a kansa ne tulluwa ke zama. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan soro da azahar a watan Afrilu ya san sanyin da ke ciki ba na'ura ce ta kawo shi ba.

Babban maƙiyin wannan fasaha ruwa ne. Daminar Kano gajera ce amma da ƙarfi take zuwa, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ya fi kowane wata duka. Magabata sun tanadi kariya daidai da haka. Indararo yana kwashe ruwan rufi ya watsa shi nesa da bango. Rawani da zankwaye suna tsare saman katanga, inda ruwa ke fara ci. Sannan ga shafe iri biyu: makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a gauraya da ƙasa, da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofi, da gashin da majema suka kankare daga fata, da yauƙin dafara. Makuba ba ta daɗewa sai an sabunta ta, laso ya fi ta jimawa amma shi ma yana da iyaka. Wato rufin babban gida a Kano ya dogara ne da abin da marini da majemi suka zubar, kuma tun asali ba a gina shi don a yi sau ɗaya a manta ba.

To me zai hana a shafe bangon da siminti a huta? Wannan ita ce tambayar da ta lalata tsofaffin gine-gine masu yawa a ƙasar Hausa. Katangar ƙasa tana shan danshi tana kuma fitar da shi. Siminti ba ya barin danshin ya fita, kuma idan zafi da sanyi suka sauya ba sa miƙewa da takurewa tare da ƙasar da ke bayansa, sai ya tsattsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa mafita, ya kwanta yana jiƙa tubali da bakin azara. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya ruɓe, ranar da zai zube ba ya sallama. Akwai kuma ruwan da ke tasowa daga ƙasa, wanda aka fi mantawa da shi. A tsohon birni an sha ɗora kwalta kan kwalta har titi ya fi daɓen tsofaffin gidaje tudu, kwatoci kuma sun cushe da leda, don haka ruwa ke taruwa a gindin katanga yana zaizaye ta. Gyaran da bai fara daga magudanar ruwa ba, kuɗinsa damina ta farko za ta tafi da shi.

Mutanen Mali sun riga mu koyon wannan darasi. Lokacin da Gidauniyar Aga Khan ta gyara babban masallacin Mopti tsakanin 2004 da 2006, cikin manyan ayyukan da aka yi har da ɓamɓare simintin da aka taɓa lulluɓe saman ginin da shi, aka mayar da yaɓen ƙasa, kuma maginan gargajiya ne suka yi aikin. A namu ɓangaren, a watan Agustan 2023 wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mikaila, ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. A watan Satumban 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe bayan mamakon ruwan sama. Kowanne da musabbabinsa, amma duk biyun a tsakiyar damina suka faɗi, kuma duk biyun sun haura shekara 150 a tsaye.

Wani zai ce, idan kullum ana sake yaɓe ana sauya azara, me ya rage na zamanin Rumfa? Tambaya ce mai kyau, kuma masana sun daɗe suna kokawa da ita. Yarjejeniyar da aka cimma a birnin Benis na Italiya a 1964 ta fi ba da ƙarfi ga kiyaye ainihin kayan da aka yi gini da su, tunanin da ya dace da gine-ginen dutse na Turai. Sai a 1994, a taron Nara na Japan, aka yarda cewa kowace al'umma da ma'auninta, kuma dabarar gini da al'adar da ke biye da ita su ma asali ne. Masallacin Jenne na Mali da ake gani yau a 1907 aka gina shi, duk shekara mutanen gari na fitowa su sake yaɓe shi, babu kuma mai cewa jabu ne. Haka Gidan Makama. Fatar bangonsa ta sha sabuntawa a tsawon ƙarnoni. Abin da ya gada daga magabata shi ne wurin da yake, tsarin zaurukansa, da kuma hanyar da ake bi a gina shi. Ranar da aka rasa wanda ya iya ɗaure bakan gizo, an rasa wani sashe na gidan ko da bangon na tsaye.

Nan ne matsalar ta fi zurfi. A da sana'ar gini tana da tsari, akwai Sarkin Magina, akwai gwanaye, yaro yana tasowa yana miƙa tubali har ya kai ga hawa katanga. Yau 'ya'yan magina sun koma bulo da siminti, kuma ba wanda zai ga laifinsu, can ne abinci yake. Kayan aikin su ma sun yi wuya. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa tsaga, ana sarewa ba a dasawa. Karofi da yawa sun mutu, katsi ya ragu. Saboda haka duk takardar kwangilar gyaran Gidan Makama ya kamata ta faɗi ƙarara cewa maginan gargajiya ne za su jagoranci aikin ƙasa, da sunansu da ladansu a rubuce, ba a matsayin leburori a ƙarƙashin wani kamfani ba. Kowane gwani a haɗa shi da matasa masu koyo, a biya su. Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su auna kowane ɗaki, su zana shi, su ɗauki bidiyon yadda ake haɗa laso daga farko har ƙarshe. Irin wannan aunawa ce masanin nan ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi wa gine-ginen Najeriya, a kanta kuma aka dogara wajen kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Shi kansa wancan wuri na Jos ya sha fama da rashin kulawa, abin da ke nuna cewa ginawa ba ita ce wahala ba.

Wahalar ita ce kuɗin kowace shekara, kuma tsarin kasafin gwamnati bai san da irin wannan buƙata ba. Ya fi sauƙi a sa hannu kan babban aiki na miliyoyi da za a kafa masa allo, a kan a ware ɗan abin da za a share indararo, a toshe tsaga, a sake shafa makuba kafin ruwan farko. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Aikin ƙasa da rani ake yin sa, daga bayan kaka zuwa Afrilu. Idan kuɗi suka fito a watan Yuli, ko dai a jira wata shekara ko a yi aikin da ruwa zai wanke. Kuɗin tikiti kuwa ba a gidan suke kwana ba, domin tun 2015 gwamnatin tarayya ta tilasta wa hukumominta zuba abin da suka tara a asusun bai-ɗaya. Ga kuma yawan masu hannu a ciki. Gidan na tarayya ne, titi da kwata na jiha da ƙaramar hukuma ne, tarihin da ke ciki na masarauta ne da jama'ar gari, jiha kuma tana da nata ofishin tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa. Kowa na da iko da wani abu, babu wanda aka ɗora wa alhakin rufin.

Mafitar da nake gani ita ce asusu na musamman irin na waƙafi, wanda ba a taɓa uwar kuɗin sai ribarta, a ƙarƙashin amintattu daga hukumar tarayya, jiha, masarauta, 'yan kasuwa da masu unguwannin da ke kewaye. Aikinsa guda ne, gyaran rani, kuma duk shekara a manna lissafin abin da aka kashe a bakin zaure kowa ya gani. Kano ba ta rasa attajiran da za su zuba irin wannan kuɗi ba. Abin da suke gudu shi ne ramin da ba a ganin ƙarshensa.

Bayan gini sai kayan da ke ciki. Akwai ƙyamaren ƙarfe na tsofaffin ƙofofin gari, kayan yaƙi irin su sulke, kwalkwali, garkuwa da takubba, kayan kiɗa, kayan saƙa da ƙira, tsofaffin hotuna, da ɗakin amarya da jerensa. Kowane iri da abin da ke kashe shi. Gara na cin itace da ƙwarya, asu na cin tufa, tsatsa na cin ƙarfe, hasken rana yana koɗar da rinin baba, fata na bushewa ta tsage da hunturu sannan ta yi fumfuna da damina. Mutane da yawa sun ɗauka maganin duk wannan na'urar sanyaya ɗaki ce. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, na'urar cutarwa take yi, domin ba zafi ne ya fi lalata tsohon kaya ba, yawan sauyi tsakanin sanyi da zafi, danshi da bushewa, shi ne. Kaurin katangar ƙasa da kansa yana daidaita wannan. Abin da ake buƙata ya fi haka araha: rufin da ba ya yoyo, akwatunan gilashi masu rufuwa sosai, katakon da zai ɗaga kaya daga ƙasa, raga a tagogi, fitilun sola marasa zafi, da mutum guda da aikinsa shi ne zagayawa yana duba alamar gara.

Sai rajista. Kowane abu ya sami lamba, hoto, da bayanin inda ya fito da wanda ya bayar, a ajiye kwafi a kwamfuta a wani wuri dabam. Gidajen tarihi a Najeriya sun sha fama da sata a shekarun 1980 da 1990, kuma abin da ba a rubuta ba ko an gan shi a kasuwar Turai babu hujjar karɓo shi. Rajista mai kyau ita ce kuma za ta sa iyalai su amince su kawo abin da ke jibge a ɗakunansu, tsohuwar gafaka, rigar saƙi ta kaka, wasiƙun ajami na fatauci, ko da a matsayin aro ne.

Akwai batun da ya fi waɗannan nauyi a wurina, wato labarin wa gidan ke bayarwa. Gidajen tarihinmu sun fi karkata ga jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Wannan tarihi ne, ba a musu, amma ba fada kaɗai ta gina Kano ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufar Kano da ake kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Wannan tufa mata ne suka kaɗa zarenta da mazari a tsakar gida, masaƙa suka saƙa, marina suka tsoma a baba, mabuga suka buga har ta yi ƙyalli, irin turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa. Cikin masu noman audugar da babar akwai bayi a rinji da gandaye, kuma gidan tarihin da ya yi shiru a kansu ya rage gaskiya. Haka rayuwar Maguzawa, da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala. Na san akwai masu ƙyamar a nuna irin waɗannan, amma nuna wa yaro abin da kakanninsa suka baro ba kiransa zuwa gare shi ba ne, hasali ma ta haka zai gane girman sauyin da Musulunci ya kawo. Sannan akwai tarihin da ke cikin kawunan tsofaffi. Har yanzu da sauran waɗanda suka ɗauki buhu a dalar gyaɗa, da matan da suka yi jere da tasoshi da kwanonin sha na da. Naɗar muryarsu ba ta buƙatar fiye da waya da haƙuri, kuma ita ce kaɗai aikin da ba zai jira kasafin baɗi ba.

Yanzu ga batun baƙi. Tun bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 Turawa masu yawon buɗe ido suka ja baya daga Kano, ƙasashensu kuma na ci gaba da gargaɗinsu game da zuwa Arewa. Wannan ba abu ne da fenti zai warware ba, kuma duk shirin da aka ɗora a kan dawowarsu an ɗora shi ne a kan abin da ba ya hannunmu. Amma dubi waɗanda ke shigowa ba tare da an kira su ba. 'Yan kasuwa daga Maraɗi, Damagaram, Agadas, Injamena da arewacin Kamaru suna sauka a Kantin Kwari, Singa da Dawanau, wani ya kwana biyu ko uku yana jiran a ɗaure masa kaya. Dubban mutane na zuwa Maukibin Ƙadiriyya, ana hawan Dala ranar Takutaha. Ga 'yan biki, ga ɗaliban jami'o'i daga kowace jiha, ga 'yan makarantar firamare da sakandare da aka dawo musu da darasin tarihi. Ga Hausawan zango na Kumasi da Akra, waɗanda kakannin da yawa daga cikinsu suka bi hanyar goro zuwa Gwanja da Salaga, da na Sudan da hanyar aikin hajji ta zaunar da iyayensu a can. Ga irin wannan baƙo, mazari ko sirdin da ke cikin gilashi ba abin kallo ba ne kawai, kayan gidansu ne. Idan layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka fara a 2021 ya kammala, wannan zirga-zirga ƙaruwa za ta yi, ko da yake rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya nuna cewa siyasa na iya datse ta dare ɗaya.

Buƙatun waɗannan baƙi ba masu tsada ba ne, sun dai bambanta da abin da aka saba tanada. Bayanin kowane kaya ya fara da Hausa, a boko da ajami, sannan Turanci, Faransanci da Larabci su biyo. A buɗe da yamma bayan La'asar, da ranakun hutu da na Sallah, lokacin da mai iyali ke da sarari, ba lokacin aikin ofis kaɗai ba. A sami wurin alwala da sallah, banɗaki mai tsafta na maza da na mata, inuwa da ruwan sha. Kuɗin shigar ɗalibi ya bambanta da na babba. A bar mutane su ɗauki hoto da waya, domin yarinyar da ta sa hotonta a zauren gidan a TikTok ta yi tallan da ma'aikata ba za ta iya saye ba. Masu shirya finafinan Hausa ma suna neman irin waɗannan soraye, a ba su haya da sharaɗi, kada a kafa ƙusa a bango, kada a taɓa kayan tarihi.

Gidan tarihi shi kaɗai ba ya riƙe baƙo fiye da awa ɗaya ko biyu, kuma kuɗin yawon buɗe ido ba a tikiti yake ba, a kwana yake. Wanda ya kwana shi ke biyan masauki, ya hau Adaidaita Sahu, ya ci gurasa, ya sayi kilishi da takalmin fata ya kai tsaraba. Amfanin Gidan Makama shi ne ya zama mafarin zagaye. A nan baƙo zai ji labarin, sannan ɗan rakiya da aka horar, mai katin shaida da farashi sananne, ya bi da shi Ƙofar Kudu, babban masallaci, kasuwar Kurmi wadda ita ma ake danganta kafuwarta da Rumfa, karofin Ƙofar Mata, Dala, da Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909. Mai kwana uku ya wuce rijiyar Kusugu a Daura da hasumiyar Gobarau a Katsina. Mai mako guda, idan hanya ta yi lafiya, ya kai fadar Sarkin Damagaram, har Agadas da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garinta a jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Tsohuwar hanyar ayari ce, ba sabon abu za a ƙirƙira ba.

Akwai abin koyi a Yamai. Gidan tarihin ƙasa na Nijar, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, bai tsaya ga kaya a gilashi ba. Ya ware wa maƙera, dukawa da masaƙa wuri suna aiki a gaban jama'a suna sayarwa, ga kuma samfurin gidajen ƙabilun ƙasar a fili, har ya zama wurin da iyalai ke zuwa shan iska. Gidan Makama ba shi da filin da na Yamai ke da shi, amma ba ya ma buƙata, tunda masu sana'ar na nan a unguwanninsu tafiyar ƙafa kaɗan. Abin da zai yi shi ne ya tura musu masu saye, ya kuma ba da hatimin da ke tabbatar da cewa wannan zane rinin baba ne na karofi, ba bugun masana'antar waje da aka kwaikwayi zanen ba. Idan marini ya sami ciniki karofi zai rayu, idan karofi ya rayu an sami katsin da za a yi laso. Sai dai a yi hattara kada mai sana'a ya koma ɗan wasan kwaikwayo, yana tsoma ƙyalle ɗaya duk yini don a ɗauke shi hoto a ba shi na goro. Oda ta gaskiya ake so, da farashin da zai sa ɗansa ya ga dalilin zama a bakin rami.

Mutane kan ce ai muna da Hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Abin alfahari ne, amma Hawan Daushe da Hawan Nassarawa 'yan kwanaki ne a shekara, kuma mun ga yadda annobar korona a 2020, sannan rikicin masarauta a 2024 da 2025, suka hana hawa. Otal da ɗan rakiya ba sa rayuwa da kwana biyar. Wurin da baƙo zai ga lifidi, ya ji bambancin kakaki da algaita, ya san waɗanne ne 'yan sulke da dogarai a kowace rana ta shekara, shi ne zai cike giɓin.

Ita kuwa ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su, tare da Dala, Kurmi da fada. Cikin waɗannan shekaru an ci gaba da ɗibar ƙasarta ana gini a kanta, ƙofofi da dama kuma an sake su da siminti don faɗaɗa titi. Masu tantancewa ba kyawun ƙofa suke dubawa ba, suna neman shaidar cewa akwai tsarin kulawa da ke aiki da mutanen da suka iya aikin. Ƙungiyar maginan da aka horar a Gidan Makama ita ce za ta iya ɗaukar ragowar ganuwar, sashe bayan sashe.

Kafin duk wannan akwai ƙaramin aikin da za a iya farawa gobe. A ajiye littafi a bakin zaure, duk wanda ya shigo a rubuta garin da ya fito, harshen da ya fi ji, abin da ya kawo shi Kano, da ko zai kwana. Bayan shekara biyu littafin zai nuna ko Faransanci ne ko Larabci ya kamata a fara ƙarawa a allunan bayani, wace rana ce ke buƙatar ƙarin 'yan rakiya, da kuma ko a Kantin Kwari ko a tashar Ƙofar Ruwa ya fi dacewa a kafa allon da ke nuna hanyar gidan.